Gidan Tarihin Rimski-Korsakof a San Fitasbag

Gidan da mai tsara kiɗa Nikolai Rimski-Korsakof ya zauna daga 1893 har zuwa rasuwarsa a 1908, mai lamba 28 a titin Zagorodni, ya zama gidan tarihi tun 1971, kuma ya cancanci ziyarar duk mai son sanin yadda hafsan sojan ruwa ya rikiɗe ya zama babban malamin kiɗa na Rasha. Ginin yana can cikin farfajiya, don haka sai baƙo ya lura kafin ya gano ƙofar.

Ɗakin aikinsa ne ya fi ɗaukar hankali, domin a nan ya tsara 11 daga cikin wasannin opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa) 15 da ya bari, alhali yana koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta birnin tun 1871. A falo kuwa akwai fiyanon da masu tsara kiɗa na Rasha Rakmaninof da Sitirabinski suka taɓa kaɗawa, kuma shi Sitirabinski ɗalibin Rimski-Korsakof ne.

Wurin ƙarami ne ƙwarai, kuma a ganina wanda bai taɓa sauraron kiɗan mutumin ba zai fi amfana idan ya nemi ɗan jagora.