Maganar allurar tsawo da kika ce in turo daga Ingila

Yaya barka da warhaka, ya yara? Na ga saƙonki kan allurar da kike so in turo wa yaron nan da ya ƙi tsawo. Wallahi ba rowa ba ce. A nan ko da kuɗinki kemis ba zai ba ki somatropin, wato allurar homon ɗin girma (sinadarin da jiki ke yi don yaro ya yi tsawo), ba sai da takardar likitan yara na ɓangaren homon, kuma a firji take zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, cikin sanyi ma ake kawo ta har ƙofar gida, nas ta koya wa uwa yadda za ta riƙa yi kullum da dare da wani abu mai kama da biro.

Ni abin da ya fi burge ni ma awo ne. Kowane jariri da jan littafinsa da ake ɗiga tsawo da nauyi a kan layi, mu kuwa a gida yawanci sikeli kawai ake ɗora yaro a ce ya yi ƙiba masha Allah. Da layin ya fara kwanciya sai a tura shi babban asibiti, hoton ƙashin hannun hagu, gwajin jini, hoton MRI na pituitary (wata 'yar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke fitar da homon ɗin girma), in da alamar gado a duba ƙwayoyin halitta.

Na gadon nan ba su da yawa amma kala-kala ne. Akwai na GH1, ƙwayar halittar da ke sa jiki ya yi homon ɗin girma, da ke kan kromosom na 17, mafi tsananinsa sai uwa da uba kowa ya ba da tasa ƙwayar mai matsala alhali su lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ya fi fitowa in iyayen jini ɗaya ne, kuma tunda jikin yaron bai taɓa sanin homon ɗin ba wani sai ya yaƙi allurar ta daina aiki. Mai matsalar wata ƙwayar halitta da ake kira PROP1 kuma ba homon ɗin girma kaɗai ya rasa ba, har na thyroid (gaɓar da ke wuya) da na balaga, allura ɗaya ba ta ishe shi ba. Ga ciwon Laron da aka bayyana a 1966, homon ɗin na nan jingim jiki ne ba ya jin sa, wannan wani homon daban da ake kira IGF-1 ake ba shi.

To kin ga in na turo a makance wanne muke magani? Ku fara auna tsawonsa duk wata uku kuna rubutawa, ku haɗa da tsawonki da na babansa ku kai wa likitan yara a asibitin koyarwa, kar a jira ya balaga don in ƙashi ya rufe allura ba ta ƙara komai. Ki gaishe min da Inna.