Kunne a Ingilishi da Faransanci: inda suka haɗu da inda suka raba hanya

Ɗan'uwa, ka ce da Faransanci ka yi karatu a Maraɗi, yanzu kuma aiki ya haɗa ka da masu Ingilishi, kana so ka san ko maganganun da Ingilishi ke ƙullawa da kalmar kunne za su yarda a mayar da su Faransanci kalma da kalma. Wasu suna yarda, wasu ba sa yarda, amma waɗanda ya kamata ka yi hattara da su su ne masu kama da juna a baki alhali ma'anarsu ta saɓa.

Waɗanda suka zo daidai ba sa bukatar dogon bayani. Abin da Ingilishi ke kira "to turn a deaf ear" shi ne "faire la sourde oreille", wato yin kunnen uwar shegu, haka kuma "in one ear and out the other" daidai yake da "entrer par une oreille et sortir par l'autre". Mai cewa "I'm all ears" ya kasa kunne ke nan, sai dai Bafaranshe ya fi cewa "je suis tout ouïe", inda ya ambaci ji maimakon kunnen kansa.

Matsalar tana wajen ƙuma, ƙwaron nan mai tsalle da cizo. Harsunan biyu duk sun saka ta a kunne, amma aikin da take yi a can ba ɗaya ba ne. A Ingilishi, idan aka ce an sallami mutum "with a flea in his ear", to an wanke shi tas ne, ya tafi da kunya da ɓacin rai. A Faransanci kuwa, "mettre la puce à l'oreille" ba faɗa ba ne ko kaɗan, abin da yake nufi shi ne wani abu ya ɗarsa wa mutum zargi a rai har ya fara sa ido. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne wasan kwaikwayon Georges Feydeau mai suna "La Puce à l'oreille", wanda aka fara nunawa a Paris a 1907, inda wata mata ta buɗe ƙunshin da aka aiko wa mijinta daga wani otal, ta tarar da igiyar rataya wandonsa a ciki, nan take ta fara zarginsa da neman mata. Da aka juya wasan zuwa Ingilishi sai aka bar masa suna "A Flea in Her Ear", wanda a ganina zai iya sa mai karatu ya zaci matar ce aka yi wa faɗa.

Akwai kuma inda kunnen yake ɓacewa gaba ɗaya. Wanda bashi ya yi wa katutu, a Ingilishi yana "up to his ears in debt", amma a Faransanci "endetté jusqu'au cou" ake cewa, kuma a nan Faransanci ya fi kusa da mu, tunda mu ma iya wuya muke cewa abu ya kai. "Play it by ear" ma, idan ana nufin a bari sai an ga yadda hali ya yi, "improviser" ko "on verra" ne fassararsa, domin "jouer à l'oreille" bai wuce fagen kiɗa ba. Shi kuma "dormir sur ses deux oreilles", wato barci da kwanciyar hankali, ba shi da takwara mai kunne a Ingilishi.

Tarko na ƙarshe Hausarmu ce take ɗana shi. Da ka ji "se faire tirer l'oreille" zuciyarka za ta tafi ga jan kunne, wato gargaɗi, alhali yawanci ana nufin mutumin da ke jan ƙafa, wanda sai an yi ta lallashinsa kafin ya amince. Idan tsawatarwa kake nufi, sai ka ce "tirer les oreilles à quelqu'un", da kunnuwan duka biyu.