Ranar yajin aikin jirgin ƙasa: bas ko mota zuwa Old Trafford?

Mai goyon bayan Manchester United da ke zaune a Landan, jirgin ƙasa ke kai shi Manchester cikin awa biyu da 'yan mintuna. Ƙungiyoyin ma'aikatan jirgin ƙasa na RMT da ASLEF sun yi ta yajin aiki tsakanin 2022 da 2024, kuma a ranar yajin aiki sau da yawa zaɓi biyu ke rage masa.

Motar bas ta fi araha, amma tafiyar takan kai awa biyar. In wasan dare ne, sai asuba zai ga gida.

Mota kuwa, mutum huɗu su yi karo-karon kuɗin mai, su tashi lokacin da suka so. Matsalarta cunkoson titin M6, da direban da zai tuƙa kilomita 320 a gajiye bayan wasa. Gajiyar nan ce ke ba ni tsoro, ni bas zan hau.