Rudić ko Kemény: wa za ka bi a kocin ƙwallon ruwa?

Malam, tunda ka tambayi wanda ya kamata ka zauna ka nazarci wasanninsa tsakanin su biyun, Ratko Rudić zan ce maka.

Dénes Kemény ya ɗauki zinaren Olamfik uku a jere da Hangare, 2000, 2004 da 2008, wannan ba mai ƙwace masa. Sai dai ƙasa ɗaya ce, kuma 'yan wasa shida, irin su Kásás da Benedek, suna cikin duka ukun. Wanda aka miƙa wa irin waɗannan hannaye, da wuya ka ware aikinsa da nasu.

Rudić kuwa zinare huɗu gare shi a ƙasashe uku: Yugoslabiya 1984 da 1988, Italiya 1992, Kuroshiya 2012. Duk inda ya sauka sai ya sake gini daga tushe, kuma tushen nan ƙafa ce. A wasan nan ba a taka ƙasan tafki, ɗan wasa yana juya ƙafafunsa ne bi da bi don ƙirjinsa ya tsaya saman ruwa. Idan ƙafa ta gaji, kafaɗa ta nutse, jifa ya rasa ƙarfi, mai tsaron baya kuma ya fara riƙe abokin hamayya, alƙali ya kore shi na 'yan daƙiƙoƙi. Shi ke nan an koma 'yan wasa shida a kan biyar, a nan ake shan ƙwallaye. Shi ya sa horonsa yake da tsanani har 'yan wasa suna kuka da shi.

Ka nemi wasan ƙarshe na Basalona 1992. Sifaniya a gidanta, Manuel Estiarte yana jan ragama, sarkinsu na zaune a wurin, tafkin ya cika da ihu. Aka yi ta ƙarin lokaci kashi bayan kashi har shida, 'yan Italiya ba su sake ba, Gandolfi ya zura ta ƙarshe aka tashi 9 da 8. Kada ka bi ƙwallo da ido, ka dubi kafaɗun masu tsaron baya a ƙarshen wasan, har lokacin suna sama. Bayan shekara 20, a Landan, Rudić ya doke Italiyar 8 da 6 da Kuroshiya, kuma wanda ke kan bencin Italiya ranar shi ne Sandro Campagna, yaronsa na 1992. Ko Birazil da ya karɓa, ya kai ta zagayen kwata fainal a Riyo 2016, har ta doke Sabiya a rukuni.

Yana da zafin rai, gaskiya. Hatsaniyar da aka yi bayan Hangare ta fitar da Italiya a Sidni 2000 ta ja masa dakatarwa. Wannan ɓangaren kada ka ɗauka.

Ka kuma lura, a 1992 minti bakwai ne kowane kashi, a 2012 takwas, don kada ka kwafi lissafin canjin 'yan wasa kai tsaye.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallan "kwas ɗin koci" a WhatsApp da hoton Rudić a jiki da alƙawarin satifiket. Yankakkun bidiyon YouTube ne suke sayar maka. Haka masu ƙwallon jabu da tambarin Mikasa, kamfanin da ke yin ƙwallon wasan: ta gaske ta maza lamba 5 ce, giram 400 zuwa 450, fatarta da kaushi. Ka jiƙa ta a gaban mai kayan ka kama da hannu ɗaya, in ta sulɓe ka ajiye masa abarsa.