Kwalin katin NBA da na saya: sa hannun da aka yi mana alkawari har yau ba mu gan shi ba

Tauraro biyu cikin biyar na ba wannan kwalin, kuma ɗaya daga cikin biyun nan albarkacin ɗana ya samu. Ku da kuke harkar tara katin ƙwallon kwando kun san irin kwalin da nake nufi, wanda sai a shagon kati ake samunsa, wanda aka rubuta a jikinsa cewa akwai kati mai sa hannun ɗan wasa a ciki. Kuɗinsa ma kun sani, ba sai na faɗa ba. A nan Houston kuɗin nan ya isa cefanen gida na kwanaki.

Ni ba ɗan kasuwar kati ba ne. Hakeem Olajuwon ne ya jawo ni harkar. Tun ina gida nake jin labarin ɗan Legas ɗin nan da ƙungiyar Rockets ta Houston ta ɗauka na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shekarar da Michael Jordan ya zo na uku, wanda ya ciyo musu kofi a 1994 da 1995, wanda kuma a watan Ramadan yake shiga fili da azumi a bakinsa. Da na zo garin nan, katinsa na kamfanin Fleer na 1986 na fara nema, kuma yana nan a ajiye. Yanzu ɗana ya taso, ya ma fi ni sanin sunayen sababbin 'yan wasa, shi ya sa na daure na sayi kwalin don mu buɗe tare da ya gama jarrabawa.

Bayan isha'i muka zauna a falo, ledojin saka kati a gefe, yana yaga fakiti yana miƙo mini ina jerawa. Wanda ya saba tun daga kaurin fakiti yake gane inda kaya suke. Can kusa da ƙarshe muka zo kan mai kaurin, yaron nan har hannunsa na rawa. Ya zaro, sai ga farin kati, babu hoto, babu sa hannu, sai rubutun taya murna da sunan ɗan wasa da wurin kankarewa irin na katin waya. Ya juya shi gaba da baya, ya ɗago ya dube ni.

"Abba, ina katin yake?"

Na ce masa wannan katin alkawari ne, lamba za mu kankare mu shigar a shafinsu, su kuma su aiko mana da na gasken ta gidan waya. Abin da ya ƙara mana zumuɗi shi ne sunan da ke jiki: wani matashi sabon shiga wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda dama shi muke fatan samu. A daren muka shigar da lambar, aka turo imel cewa an karɓa.

Daga nan sai shiru. Kakar wasa ta ƙare, aka ɗauki sababbin yara, wata kakar ta fara, shafinsu bai sauya ba, kullum dai ana kan aiki. Na rubuta musu, amsar da na'ura ke turowa kowa ita aka turo mini. Na kira waya, wata baiwar Allah ta ɗauka, kuma ba zan yi mata sharri ba, ta yi mini magana da ladabi, sai dai ba ta da abin da za ta faɗa wanda ya wuce abin da nake gani da idona a shafin. Shi kuwa yaro, duk motar gidan waya da ta tsaya a layinmu sai ya leƙa taga. Daga baya ya daina tambaya, kuma wallahi daina tambayar nan ta fi yi mini ciwo a kan kuɗin.

Na san yadda abin yake faruwa. Kamfani na da ranar da ya tsayar don fitar da kaya, ya aika wa 'yan wasa katuna ko sitika su sa hannu, wasu su dawo da su a kan lokaci, wasu tafiye-tafiye da wasanni su hana su. Maimakon a jira, sai a cusa katin alkawari a fakiti a sallami kwali zuwa kasuwa. To amma wannan matsalar tsakanin kamfani da ɗan wasa take, ni da na biya kuɗina lakadan a kan kanta me ya haɗa ni da ita? Sun karɓi nasu a take, ni kuma an bar ni da bashi a kansu ba tare da na yarda zan ba da bashi ba. Ga wani abin da ya fi wannan muni: katunan alkawarin nan suna da ranar mutuwa a jikinsu. Wanda ya sayi tsohon kwali da ya daɗe a shago, yana iya buɗewa ya tarar da babban abin da ke ciki ya riga ya zama takardar banza.

A ƙarshe aka ce in zaɓa, ko in ci gaba da jira ba ranar zuwa, ko a ba ni maki in sayi wani abu a shagonsu na intanet, ko a musanya mini da kati mai daraja daidai da wancan. Na zaɓi musanya. Daidai a ma'aunin wa, Allah kaɗai Ya sani. Abin da ya zo shi ne katin wani ɗan wasa da ya fi zaman benci a kan taka fili, wanda ma ya bar ƙungiyar da rigarta ke jikinsa a hoton. Sa hannun kuma ba a kan katin aka yi ba, a sitika ne aka manna, sitikar ma ta ɗan karkace, jelar harafin ƙarshe ta yanke a inda sitikar ta ƙare. Wato mutumin nan bai taɓa riƙe wannan katin ba. An ajiye masa tarin sitika a tebur ya bi ya zana, wani ma'aikaci ya ɓare ya liƙa. Dukan daɗin kati mai sa hannu shi ne sanin cewa hannun ɗan wasan ya taɓa abin da ke hannunka. In an cire wannan, me ya rage?

A gefen sitikar akwai ɗan ƙyallen riga, fari fat, ko zare ɗaya na wani launi babu. Na juya bayan katin na karanta ƙananan rubutun nan da sai ka matso da fitila, sai ga shi an rubuta cewa ƙyallen ba daga wani takamaiman wasa ko taro ya fito ba. A da, in an ce yankin riga, rigar da aka yi gumi a cikinta a fili ake nufi. Katin LeBron James na jerin Exquisite na kamfanin Upper Deck na 2003-04 da aka sayar dala miliyan 5.2 a 2021, sa hannunsa a kan katin yake, shi ya sa har yau ake kafa misali da wannan jerin. Ba na cewa a ba ni irinsa a kwalina. Cewa nake a rubuta gaskiyar abin da ke ciki da manyan baƙi a gaban kwali, ba a bayan kati ba bayan an gama karɓar kuɗi.

Duk da haka zan yi musu adalci. Sauran katunan suna da kyau, kuma kyau na gaske. Hotunan an zaɓe su da hankali, ba tsayuwar ɗaukar hoto kawai ba, akwai wanda aka kama mutum a sama ƙwallo na bayan kansa zai danna ta cikin raga. Takardar na da kauri, ƙyallin kuma in ka karkata shi a haske launuka ne ke gudu a kai. Ɗana ya samu katin Alperen Şengün, ɗan ƙungiyarmu, mai lamba a baya da ke nuna kaɗan aka buga irinsa, ya sa shi a gidan roba ya ajiye a kan teburin karatunsa, duk abokin da ya zo sai an nuna masa. A daren da muka buɗe kwalin, kafin maganar alkawarin nan ta yi tsami, da an tambaye ni da tauraro huɗu zan bayar ba tare da na yi dogon tunani ba. Ko bayan musanyar ma na so in tsaya a uku, in ce ai yaro ya ji daɗi.

Sai da na zauna da rana na duba katunan sababbin shiga ɗaya bayan ɗaya don in ga wanda ya cancanci a tura PSA, kamfanin da ke auna ingancin kati, a ba shi maki, sannan raina ya sake ɓaci. Mafi kyawunsu hoton ya zame gefe, farin bakin hagu ya kusa ninka na dama. Wani kusurwarsa ta daku, wani kuma akwai siririn layi na injin ɗab'i da ya ratsa fuskar ɗan wasan. Daga fakiti zuwa leda suka tafi, ba wanda ya taɓa fuskarsu da yatsa. Kowa a harkar nan ya san tazarar kuɗi tsakanin maki 10 da maki 8, kuma su ma kamfanin sun sani, tunda da wannan kwaɗayin suke sayar da kwalin. Katin Hakeem ɗina na 1986 shi ma ya ɗan zame, amma a wancan zamanin fakiti na kuɗin alewa ne, har da cingam a ciki, yara ake yi wa. Wanda ya ɗora wa kwalinsa farashin manya, ya kamata ya sa wani ya tsaya a bakin inji yana dubawa.

Ga kuma yawan launuka. Hoto ɗaya ne, ɗan wasa ɗaya, amma akwai na azurfa, ja, shuɗi, kore, mai zanen damisa, mai walƙiya, na zinariya mai guda 10, baƙi mai guda ɗaya tak a duniya, da waɗanda sai a wani kanti ko wata ƙasa ake samu. A da mutum na iya cewa zai haɗa duk katunan gwaninsa na shekara guda, ya kuma haɗa. Yanzu ko mai shagon da nake zuwa, dattijon da ya tsufa a harkar, sai ya buɗe kwamfuta kafin ya gaya maka wane launi ne a hannunka. Shi ne ma yake tuna mini da abin da ya faru daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, lokacin da kamfanoni suka yi ta buga kati ba ƙaƙƙautawa, mutane suka cika ɗakuna da kwalaye suna jiran su yi tsada, yau ga su nan ana sayarwa a arha ba mai so. In kowane kati an ce masa na musamman, to lambar da ke bayansa ta daina nufin komai.

Tushen abin a ganina rashin kishiya ne. Tun 2009 lasisin katin NBA ya koma hannun kamfani guda, kuma ko da ya sauya hannu a 2025, hannu guda ya sake komawa. A shekarun 1990 kamfanoni da dama ne ke gogayya, in wannan ya yi sakaci sai ka koma wancan. Yanzu in kana son kati mai tambarin ƙungiya da rigarta, ƙofa ɗaya ce. Su ma manyan 'yan wasa kowa da inda ya ƙulla yarjejeniyar sa hannunsa. Jordan na tare da Upper Deck, su kuma ba su da lasisin NBA tun wancan lokacin. Victor Wembanyama da San Antonio suka ɗauka na farko a 2023, a shekararsa ta farko sa hannunsa na wani gida, lasisin na wani gida, don haka wanda ya sayi kwali mai lasisi yana fatan sa hannun yaron da duniya ke magana a kai, dama babu shi a ciki.

Farashin kuwa tun haukar sayen kati ta 2020 da 2021 bai dawo hayyacinsa ba. Waɗanda suke nan a lokacin sun tuna yadda manya ke kwana a layi suna kwashe kaya kafin yara su taso daga makaranta, har Target suka dakatar da sayar da katin wasanni a kantunansu a watan Mayun 2021 bayan wani rikici a wajen ajiye motoci a jihar Wisconsin. Yanzu kaso mai yawa na kwalayen na tafiya wurin masu fasa kwali kai tsaye a intanet, inda kowa ke biyan kuɗin ƙungiya guda ya zauna yana kallo ko rabonsa zai fito. Ni dai wannan ya yi mini kama da caca fiye da yadda zuciyata za ta natsu da shi, kuma na hana ɗana ko kallonsa. In zan faɗi gaskiya, shi kansa rufaffen kwalin da tsadarsa ta kai haka ya fara sa ni wannan tunanin.

Abin da nake nema a wurin masu buga katin nan bai da yawa. Kada a sa sunan ɗan wasa a kwali sai sa hannunsa na hannunku. In dole sai an yi alkawari, a sa ranar cikawa, a cire ranar mutuwa, in kuma an gaza a bar mutum ya zaɓi abin da za a musanya masa da shi da idonsa. A rage launuka a ƙara duba inji. A kuma bar wani kwali mai sauƙin kuɗi a kanti wanda yaro zai iya saya da abin da ya tara.

Ni dai na daina sayen rufaffen kwali daga wurinsu. Katin yaron nan ɗan Najeriya da muka yi ta jira, na samu wani nasa marar sa hannu a wurin baje kolin kati da aka yi a nan gari, na duba kusurwoyinsa da tsakiyarsa a gaban mai shi kafin na biya, kuɗin bai kai rubu'in na kwalin ba. Duk wanda ke da katin alkawari a aljihun tebur, ya je ya duba ranar da ke jikinsa yau.