SSA Ta Hana Ka Kuɗin Nakasa a Amurka: Ɗaukaka Ƙara ko Sabuwar Takarda, da Lauya ko Kai Kaɗai?

Kusan biyu cikin uku na masu neman kuɗin nakasa na SSDI (na waɗanda suka yi aiki suka biya haraji) ko SSI (na masu ƙaramin ƙarfi) a Amurka, wasiƙar ƙi suke samu daga hukumar SSA, mai biyan kuɗin ritaya da na nakasa, a karon farko. Daga nan hanya biyu ce: ɗaukaka ƙara, ko cika sabuwar takardar nema. Da yawa sukan bi ta biyun don tana da sauƙin gani, kuma galibi asara ce.

Ranar da ka fara nema ita ce tushen lissafin kuɗin baya, wato kuɗin watannin da suka wuce kafin a amince maka. SSI ba ya biyan ko sisi na watannin da suka gabaci takardar nema, SSDI kuwa iyakarsa wata 12 a baya. In ka cika sabuwa, tsohuwar rana ta tafi da kuɗinta, sannan ofishin jiha mai tantance lalura a madadin SSA, wanda ya ƙi ka, shi zai sake duba takardun. Ga kuma tarko: SSDI yakan buƙaci ka yi aikin da aka cire maka haraji shekara 5 cikin 10 na ƙarshe, don haka wanda ya daɗe a kwance yana iya fita daga layi bai sani ba. Sabuwar takarda tana da amfani ne idan wa'adi ya wuce ba ka da uzuri, ko dalilin ƙin ba na lafiya ba ne kuma ya kau, misali albashinka ya haura dala 1,620 a wata, iyakar 2025 ke nan, ko dukiyarka ta wuce dala 2,000 a SSI.

Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 60 ne daga ranar da wasiƙa ta iso, kuma hukumar tana ɗauka ta iso kwana 5 bayan kwanan watan da ke jikinta.

Matakin farko shi ne sake dubawa, da fom SSA-561, SSA-3441 da SSA-827. Wani ma'aikaci daban ne zai karanta fayil, ba ya ganinka, kuma masu nasara a nan ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Kada ka karaya, ƙofa ce da dole a bi. Inda magana take shi ne zama gaban alƙalin hukumar, wanda ake nema da fom HA-501. Kusan rabin waɗanda suka kai nan suna ci. Ana jira watanni, ana turo sanarwa aƙalla kwana 75 kafin zama, kuma sai ka miƙa shaidu ko ka sanar da su kwanakin aiki 5 kafin ranar. Alƙali yakan kira masanin sana'o'i ya tambaye shi ko mai irin lalurarka zai iya wani aiki, ko da na zaune ne. A kan amsar nan ake ci ko a faɗi. Matakai biyu na sama, majalisar ɗaukaka ƙara da kotun tarayya, ba su cika ba da kuɗi kai tsaye ba, sai dai su mayar da shari'a gaban alƙali. Shigar da ƙara a kotun tarayya dala 405 ne, ana iya yafe wa marar hali.

To, wa zai tsaya maka? A matakin sake dubawa mutum zai iya shi kaɗai. A gaban alƙali kuwa ba mu ba da shawarar haka ba. Rahoton ofishin binciken gwamnati na GAO a 2017 ya nuna masu wakili suna samun amincewa kusan ninki uku na marasa wakili. Lauyan nakasa ba ya karɓar ladansa sai an ci: kashi 25 cikin ɗari na kuɗin baya, iyaka dala 9,200 tun ƙarshen Nuwamban 2024, kuma hukumar ce ke cirewa ta biya shi. Wakilin da ba lauya ba ƙa'idar kuɗinsa ɗaya ce, wasu ma sun ƙware sosai, amma ba zai iya shiga kotun tarayya ba. Ofisoshin taimakon shari'a na marasa ƙarfi kyauta suke yi, sai dai layinsu da tsawo. Kafin ka sa hannu a fom SSA-1696 na naɗa wakili, ka tambaya: wa zai biya kuɗin karɓo takardun asibiti in an faɗi, kuma wanda kake magana da shi ne zai zo zaman, ko wani za a turo da safiyar ranar?

Ko da wa ka tafi, takarda ce ke magana. Wasiƙar likita mai cewa "ba ya iya aiki" ba ta da nauyi, domin wannan hukuncin na hukuma ne, kuma tun Maris 2017 ba a fifita ra'ayin likitanka kai tsaye. Abin da ake so shi ne adadi: minti nawa kake iya tsayuwa, awa nawa a zaune, nauyi nawa kake ɗagawa, kwana nawa a wata ciwo zai hana ka fita, da shaidar cewa lalurar ta kai ko za ta kai wata 12. Daina zuwa asibiti da ƙin halartar gwajin likitan hukuma suna kashe ƙara. Haka ma alkunyar nan tamu ta "da sauƙi, alhamdu lillahi" a gaban likita, domin yadda ka faɗa haka zai rubuta. In Turancinka bai nuna ba, nemi tafinta na Hausa tun da wuri, hukumar ce ke biya.