Hilux ta gas ko F-150 ta fetur, wacce laka ta fi kashe wa inji?

Ɗan uwa na ga tambayarka tun jiya, wai akori-kura biyu aka nuna maka duk na hannu, Toyota Hilux mai injin gas 3.0 D-4D da Ford F-150 mai injin fetur 5.4, kuma abin da ke ba ka tsoro shi ne labarin da kake ji na baƙin mai yana daskarewa ya zama laka har inji ya buga, kana so a faɗa maka wacce ta fi wannan ciwon. To gaskiya duk biyun suna yi, kuma mutuwarsu iri ɗaya ce, inda suka rabu shi ne hanyar da lakar ke bi ta shigo.

Ka ga a can ƙasan inji, cikin kaskon da mai yake taruwa, akwai wani bututu mai rariya a bakinsa, ta nan famfo yake zuƙo mai ya tura sama. Ranar da rariyar nan ta toshe shi kenan, mai yana nan cike a kasko, ka zaro sandar awo ka ga komai daidai, amma metal ɗin karanshaf, wato ƙarafan da babbar sandar inji ke juyawa a kansu, a bushe suke aiki. Kafin jar fitilar mai ta kama a dashbod sau da yawa aikin gama ya gama.

Bari in fara da Hilux ɗin don ita mutane suka fi yi wa kallon ba ta mutuwa. Injin nan sunansa 1KD-FTV, shi aka riƙa sa mata daga 2005 zuwa 2015, inji ne mai ƙarfi babu musu, amma yana da wani lago guda. Nozul ɗinsa, masu fesa gas cikin silinda, a ƙarƙashin murfin saman inji suke zaune, wato a inda mai yake wanka, kuma kowanne yana kan wata 'yar washa ta tagulla wadda ita ce ke hana iskar ƙonuwa fitowa daga silinda. Idan washar nan ta saki, hayaƙi mai zafi da baƙin gawayi sai su riƙa hurowa kai tsaye cikin mai, su dafa shi, ya dunƙule ya zama tsakuwa-tsakuwa baƙi ƙirin, ya gangara kasko ya je ya liƙe a rariya. Abin haushin shi ne ko kana juye a kan lokaci, ko da mai mafi tsada, wannan ba ruwansa, don ba tsufan mai ne ya kawo shi ba. Na taɓa tsayawa a kan wata da aka kwance mata kasko, bakanike ya sa sukundireba yana kankare rariyar, abin yana zubowa kamar busasshiyar kwalta, ramukan da suka rage a buɗe ba su fi ka ƙirga da yatsa ba, mai motar kuma yana ta rantsuwa bai taɓa tsallake sabis ba, kuma na yarda da shi.

Ita kuwa Ford ɗin, in dai mai bawul uku ce a kowace silinda wadda aka yi daga 2004 zuwa 2010, labarinta daban. Tata lakar yawanci ta sakaci ce. A ja mai ya wuce lokacinsa, a riƙa gajeriyar tafiya inji bai gama zafi ba an kashe, damshi da ɗanyen fetur su taru a cikin mai ba su samu sun ƙone sun fita ba, a hankali man ya yi kauri ya fara kama bango. Wani injin zai haƙura da wannan ya yi ta tafiya, amma 5.4 ba ya haƙuri, saboda na'urar da ke gyara masa tayimin, wato lokacin buɗewa da rufewar bawul, da ƙarfin mai take aiki, hanyoyin man sirara ne, ga wasu ƙananan rariyoyi a jikin solenoid, wato makunnin lantarkin da ke sakar wa na'urar mai, waɗanda ƙazanta kaɗan ke toshe su. Man da kamfanin ya ce a zuba masa shi ne 5W-20, mai ruwa-ruwa. Da ƙarfin mai ya ragu za ka ji motar fetur tana ƙara kamar ta gas idan ta yi zafi tana silo, wato tana tsaye inji na aiki, kaf-kaf-kaf, daga nan sarƙar tayimin ta yi sako-sako ta riƙa dukan robobin da ke riƙe ta, su farfashe, gutsattsarin su faɗa kasko su ma su je su tare rariya. Ka ga an dawo gidan jiya. (Ban ma shiga zancen filoginta ba, wanda ke karyewa a ciki idan an zo cirewa a na shekarun farko, wannan ciwon kai ne mai zaman kansa.)

To in ka ɗora su a sikeli, Hilux ciwonta a ɓoye yake amma wurinsa ɗaya, an san shi, maganinsa washa huɗu da leƙa rariya. Ford ciwonta yana da baki, tana faɗa maka da ƙara, sai dai lokacin da ka ji ƙarar gyaran ya riga ya zama na kwance gaban inji gaba ɗaya, sarƙa da robobi da na'urar tayimin, wani lokacin har famfon mai. Ni dai da ni ne Hilux zan ɗauka, ba don sunan Toyota ba, don ina iya rufe ƙofar da ɓarawon ke shigowa tun ranar farko. Ford kuwa rayuwarta tana hannun wanda ya riƙe ta kafin kai, kuma ba ka san shi ba.

Wani abu da nake so kowa ya lura, ba duk injin da ya buga ne laka ta kashe ba, kar bakanike ya ɗora maka laifin da ba naka ba. A 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji tun daga masana'anta, ƙarshe injin suka riƙa sauyawa sukutum. A 2025 ma GM ta kira kusan 600,000 masu injin 6.2, ciki har da Silverado da Sierra na 2021 zuwa 2024, kan matsalar karanshaf da sandar fistin. Waɗannan man cikinsu tas yake suka mutu.

Ranar da za ka je dubawa, ka ce kar a tayar maka da ita kafin ka iso, kana so ka ji tashin farko da sanyi. A Ford buɗe murfin zuba mai ka haska tocila ciki, in ƙarfen ya yi launin zuma-zuma ba komai, in ka ga baƙin abu ya yi tudu har kana iya lakato shi da yatsa, sa takalminka. Sannan ka bari ta yi zafi sosai ka saurare ta a silo, in da hali a ɗaura mata agogon awon ƙarfin mai na hannu, kar ka dogara da allurar dashbod. A Hilux leƙen sama ba ya wadatarwa, sai an zubar da mai an zura 'yar kyamara ta ramin juye an kalli rariyar ido da ido, in mai motar ya ƙi yarda a yi to ka san akwai magana.

Kuma don Allah duk wadda ka saya, in ka tarar da laka mai yawa kar ka bari a zuba mata ruwan wanke inji a tayar, don abin da ya liƙe a bango shekara da shekaru zai ɓalle lokaci guda ya tafi rariya. A kwance kasko a wanke da hannu, a sa sabuwar filta, a yi juye biyu ko uku kusa da kusa. Bayan haka in motar ta ɗaukar kaya ce, ko ta hanyar ƙura, ko mai daɗewa a silo, ka bi jadawalin aiki mai tsanani da ke littafinta, wanda tazarar juyensa ta fi gajarta. Ka turo mana shekarar kowacce da kilomitan da ta ci, don in Ford ɗin ta kafin 2004 ce mai bawul biyu to lissafin ya canza.